Kujera Ɗaya a Ranar Rantsar da Barira

Ku matso ku ji, in na gama ku yanke hukunci.

A Gumel an yi wata yarinya, Barira, wadda tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama. Da ta gama sakandare, makinta na shiga likitanci ya gaza kaɗan. Jami'a ta ba ta zaɓi biyu: ilimin tsirrai, ko ilimin sassan jikin ɗan'adam. Barira kuwa ko kaza aka yanka sai jiri ya kwashe ta, don haka zuciyarta ta karkata ga tsirrai.

Gwaggonta Sahura, tsohuwar malamar makaranta, ta ji labarin. Ta shiga mota ta tafi jami'ar, ta bi ofis-ofis tana tambaya, har ta gano cewa a can, ta fannin sassan jiki kaɗai ake tsallakawa zuwa likitanci, in an yi fice a shekarar farko. Ta dawo ta ce, "Ɗiyata, ganye ba zai kai ki inda kike so ba." Barira ta zaɓi sassan jiki.

Kawunta Lawandi mahauci ne. Kafin a buɗe makaranta ya riƙa zaunar da ita a rumfarsa, tana riƙe masa faranti. Ranar farko ta suma, ya yayyafa mata ruwa yana dariya. "Tashi, likita, marar lafiyar ma bai faɗi ba." A hankali ya sa ta wanke huhu, ta tsaga zuciya, ta ɓare ƙoda, har ta saba da ganin jini. Ranar da aka shigar da su ɗakin gawa, ɗalibai da dama suka fita da gudu, ita ta tsaya.

Sai ta faɗi gwajin farko. Ta haɗa akwatinta ta dawo gida tana kuka, ta ce tsirrai za ta koma. Kakarta Dahara, mai ciwon gwiwa, ta hana a shigar da akwatin ɗaki. "Ke ja'ira, wa zai duba mini ƙafar nan? Ba ƙaton da zan ɗage wa zane." Ta dogara sandarta ta raka ta har makaranta, ta sauka gidan wata 'yar'uwa. Kullum tana gindin darbejiyar ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai da kwanon fura, har aka gama babbar jarrabawa. Barira ta yi fice, ta tsallaka.

Shekaru suka wuce, ranar rantsar da sababbin likitoci ta zo. Zauren ƙarami ne, aka ce kowane ɗalibi mutum ɗaya zai shigo da shi. Gwaggo ta ɗinka sabuwar atamfa, Kawu ya rufe rumfa, Kaka ta sa lalle.

To, jama'a, wa Barira za ta zaunar a kujerar nan?