Gadon da Mai Walda Ya Haɗa wa Mahaifiyarsa

Akwai wani mai walda da ke da ɗan shago a bakin titi, inda yake haɗa ƙofofi da tagogi. Shi ne auta a gidansu. Yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna.

Wata rana Inna ta faɗi a ƙofar banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Da za a sallame ta daga asibiti, likita ya ja musu kunne cewa a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, in ba haka ba bayanta zai yi gyambo.

A baki abin ba wuya. Amma Inna mace ce mai jiki, kuma in yana shago matarsa kaɗai ke fama, ga ta da ciki wata shida. Ba a yi wata biyu ba ciwo ya fito wa Inna a ƙugu.

Ranar da ya dawo ya tarar da matarsa ta dafe baya tana hawaye, Inna kuma tana ce mata, "Ki yafe mini 'yar nan, na zame muku kaya," ko abinci bai iya ci ba. Washegari ya jingine aikin ƙofofin mutane, ya ce sai ya haɗa gadon da zai riƙa juya mara lafiya.

Na farko da jak ɗin ɗaga mota ya yi shi, sai ya zo yana fizga. Na biyu ya sa masa sarƙar keke, ta tsinke. Na uku ya gwada da kansa ya ga ya yi, ya ɗora Inna. Gadon ya karkace fiye da kima, ta zame ta bugi bango, hannunta mai lafiyar ya yi targaɗe.

Yayarsa ta zo a fusace.

"Sannu Injiniya! Masu digiri ba su yi ba sai kai da ko sakandare ba ka gama ba? Uwar tamu za ka mayar abin gwaji?"

Bai ɗago kai ba. Inna ce ta yi magana, da ƙyar harshenta ke juyawa.

"Ƙyale shi. Tun yana ƙarami haka yake, rediyon babanku uku ya kwance. Auta, je ka ci gaba."

Daga wannan rana, da buhunan yashi yake gwaji. Na huɗu ya ƙi, na biyar ya ƙi, na shida ma haka. Masu kawo aiki suka gaji suka koma wani wuri. Maƙwabtan shago in sun wuce sai su ce, "Yaushe jirgin zai tashi ne?" Shi kuwa ciwon Inna kullum ƙara faɗi yake.

Wata safiya yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga matarsa da goyo a baya ta kama gefen zanin gado ta ja, Inna ta ɗan mirgina. Yana ganin haka sai ya ce, "Wata huɗu ina kokawa da ƙarfe. Ashe ba gadon zan juya ba, zanin zan ja."

Ya kafa bututun ƙarfe biyu, ɗaya a kowane gefen gado, sun ɗan ɗara katifa tsayi. Ya naɗe bakin zani mai kauri a jikinsu, ya sa wa kowanne mariƙi. In aka murza, zanin ya naɗu a hankali, mai kwance ya mirgina ba tare da an ɗaga shi ba.

Da hannu ɗaya matarsa ta juya Inna. Inna ta yi murmushi da rabin fuska ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Da yayar ta zo, ta karɓi mariƙin ta murza. Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Amma ciwon ya riga ya ci jiki. Kwana goma sha ɗaya Inna ta yi a kan gadon, ta rasu da hantsi.

Bayan an watse daga zaman makoki, ya kai gadon shago zai yanka shi, don ko ganinsa ba ya son yi. Sai ga nas ɗin da ke zuwa wanke wa Inna ciwo.

"Don Allah kar ka yanka. Akwai wani tsoho da nake dubawa, 'yarsa kaɗai ke ɗaga shi, ita ma bayanta ya fara ciwo."

Ya ajiye injin yankan. Da kansa ya kai gadon ya kafa.

Tsohon ya shekara biyu a kwance a kan gadon, ko ƙwarzane bai samu a bayansa ba. Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa daga nesa. Yau aikin da yake yi ke nan, yayarsa ce ma ke ɗinka masa zannuwan.

In an yabe shi ba ya murna sosai. Cewa yake, "Duk gadon da na gama, sai na ce ina ma shi ne na farko."

Darasi: Kada ka raina mai gwadawa yana faɗuwa, domin wanda ya jure faɗuwa shida ne yake ganin abin da kowa ya kalla bai gani ba. Kuma ko ƙoƙarinka bai ceci naka ba, yana iya share hawayen wani. Tura wa wanda ka san yana daf da karaya.