Gafiya da Fasasshen Masaki

An yi wata Gafiya mai dukiya a bakin wani kogi, amma rowarta ta fi dukiyarta suna. Kuɗinta na cikin wata jakar fata da take goyawa kamar jariri, ko wanka za ta yi ba ta sauke ta.

Wata rana labari ya bazu cewa fatake sun sauka a kasuwar tsallake da dabino da gishiri, araha kamar kyauta. Gari ya ruɗe. Kowa ya nufi mashayar kogi da gudu, inda Agwagwa mai fito, sarauniyar tsiwa, take cika kwalekwalenta.

"Yaya Gafiya, kawo kuɗin fito ki shigo, za mu tashi," in ji Agwagwa.

"Kuɗin me? Ke kika haƙa kogin?"

"Ban haƙa ba, amma ni na sassaƙa jirgin. In ba ki biya, matsa ki ba masu biya wuri."

Gafiya ta yi tsaki, ta tafi juji ta jawo wani tsohon masaki da ya tsage a gindi. Kwaɗo gyartai, mai gyaran ƙorai, ya hango ta. Shi kuwa ba ya iya ganin abu ya yi shiru.

"Baiwar Allah, kawo in ɗinke miki. Abin da kika ba ni ya isa."

"Kai ma aljihuna kake hari? Laka kyauta ce."

Ta dangwalo laka ta liƙe tsagar, ta haye da jakarta, tana tuƙi da kara. Da farko abin ya yi kyau. Har ta wuce kwalekwalen tana ɗaga musu hannu tana dariya.

Tana isa tsakiyar kogi, laka ta narke. Ruwa ya kama idon sawunta, ya hau gwiwa, masaki ya yi juyi ya kife.

"Agwagwa, ki cece ni!"

Agwagwa ta karkato jirgi da sauri ta miƙa mata sandar tuƙi. Aka ja, aka ja, Gafiya ba ta taso ba, don jakar ta sha ruwa ta yi nauyin dutse.

"Kwance jakar nan, ko ku nutse tare," in ji Agwagwa.

"A ja mu tare mana."

"To, sai mun dawo daga kasuwa."

Sai da Gafiya ta kwankwaɗi ruwa har cikinta ya yi tulu, sannan ta ciji igiyar da ta goya jakar da ita, ta tsinke. Jaka ta yi ƙasa, aka tsamo Gafiya tana tari.

A kasuwa kowa ya cika buhu. Gafiya ta rakuɓe gefe tana ɗigar ruwa, tana tsintar ƙwallayen dabinon da wasu suka tofar.

Darasin wannan labari shi ne, kuɗin da aka hana shi yin aikinsa ba ya tsare mai shi. Wanda ya ƙi fitar da kaɗan a inda ya kamata, wata rana zai saki duka yana ji yana gani.