Ƙwaryar da ta Kira Tunau

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso, ku rage murya.

Wani mutum ne, sunansa Tunau, mai zanen ƙwarya. Matarsa Dela ta rasu da kaka. Kafin damina ta zagayo, sai ya ga fuskarta tana dushewa a ransa kamar tsohon lalle. Sai tsoro ya kama shi.

Ran nan da rana tsaka sai ya iske wata tsohuwa tsaye kusa da tsamiya, riƙe da farar ƙwarya. Ga rana, ga tsohuwa, amma ba inuwa a ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, kuka kake yi da busassun idanu."

Ya ce, "Iya, matata nake mantawa."

Ta ce, "Ungo. Abin da ka zana a jikin wannan ba ya gogewa."

Sai ya koma gida, ya sa ƙarfe a wuta, ya zana tsagar kumatun Dela. Zane ya yi kyau har maƙwabta suka rasa ta cewa. Da ya rufe ido ya nemi kumatun a ransa, sai ya ga wayam. Sai ƙwarya ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Da saura."

Sai ya zana kitsonta, layi bayan layi. Kitso ya hau ƙwarya, ya bar kansa. Ƙwarya ta ce, "Da saura."

Sai ya zana dariyarta, wani siririn layi mai lanƙwasa kamar ruwa a gangare. Ya kasa kunne cikin ransa, bai ji komai ba. Wannan karon ƙwarya ba ta ce uffan ba. Ya rufe ta da faifai.

Washegari, da rana ta take tsaka, sai ya ji muryar Dela daga ƙarƙashin faifan.

"Tunau. Tunau, amsa mana. Ɗaga faifan ka shigo, na share mana wuri."

Hawaye suka zubo masa. Ya miƙa hannu, ya buɗe baki zai ce na'am. Sai ya tsaya.

Ya ce, "Wa kika kira?"

"Kai mana, Tunau, mijina."

Ya ce, "Tun da aka kawo Dela gidan nan, bakinta bai taɓa kama sunana ba. Ko 'tuna' ba ta cewa, sai dai ta ce abu ya faɗo mata a rai. Murya kam tata ce. Ina kunyar?"

Sai ƙwarya ta ce, "Ba ka zana mini ita ba."

Ya ce, "Ba ta zanuwa."

Sai ya ɗauki taɓarya zai fasa ta. Sai ƙwarya ta yi dariyar Dela. Sai ya ajiye taɓaryar. In ya fasa, shi da dariyar nan har abada.

Sai ya kife ta a ƙuryar ɗaki, ya danne da dutsen niƙa. Kullum in rana ta take, sai ta kira sunansa. Shi kuwa sai ya zauna kusa, ya jingina da bango, yana saurare. Har ya yi furfura, har ya rasu aka ɗauke shi, bai ce na'am ba.

Ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da na yi ƙarya.

Ku riƙe wannan, jikokina: hannu yana iya zana abin da mutum ya yi. Abin da ya ƙi yi saboda kai, wannan sai zuciya.