Hasken da Ya Ruɗi Mai Fito

Po Saung mai fito ne a bakin kogin Ayeyawadi. Ƙaƙƙarfa ne, ya san ruwa kamar yunwar cikinsa. Aibinsa biyu ne. Ba ya iya jira, kuma bakinsa ba ya iya furta “ban sani ba”.

Wata ranar kasuwa da damina, kogi ya cika ya batse, mutane suka yi cincirindo a gaɓa. Ƙaninsa Nyo, wanda ke riƙe masa filafili, ya dubi kwale-kwalen ya ce, “Yaya, lodin nan ya yi yawa. Mu yi sawu biyu.”

Po Saung ya ce, “Sawu biyu aikin ragwaye ne. Tura mu tafi.”

A tsakiyar ruwa suka kife. Nyo ya tsamo mutum uku, ya koma ɗauko na huɗu, bai sake fitowa ba. Ko gawarsa ba a gani ba. Po Saung ya ce igiyar ruwa ce, ya tsaya a kan haka.

Matar Nyo, Ma Thein, ba ta ƙara ce masa uffan ba. Kullum da safe, in ta zuba wa masu zuhudu shinkafa, sai ta ɗauki ’yar buta ta riƙa ɗiga ruwa a ƙoƙo, tana kiran sunan mijinta, tana aika masa ladan. A imaninsu, wanda ya yi irin wannan mutuwa ba ya samun wurin zuwa sai lada ya riske shi. Shekara goma sha ɗaya ba ta yi fashi ba.

Da Po Saung ya cika hamsin, sai ya aske kansa, ya yafa jan mayafi, ya shiga gidan zuhudu na kan tudu don zaman damina. Ranar da aka karɓe shi, Sayado, tsohon da ke shugabantar gidan, ya faɗa masa abubuwa huɗu da ke raba mutum da mayafi har ƙarshen rayuwarsa. Na huɗun shi ne mutum ya ce ya farka, wato idon zuciyarsa ya buɗe ya kai ƙarshen hanya, alhali ya san bai farka ba. Sayado ya ce, “Mai yin haka giginya ce da aka sare wa kai. Ba ta ƙara toho.”

Aikin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Ya zauna, ya lura da numfashinsa. Abin da ya zo masa duka, ya ambace shi a zuci, ya bar shi ya wuce.

Mako shida yana fama da ciwon gwiwa da sauro. Rannan da hantsi, yana zaune a rumfarsa ta gora, sai haske ya buɗe a bayan idonsa, fari tas. Jikinsa ya yi sakayau kamar auduga. Wani daɗi ya ratsa shi wanda bai taɓa jin irinsa ba. Ya miƙe har yana tuntuɓe, ya je ya durƙusa gaban Sayado.

“Ranka ya daɗe, na farka.”

Tsohon yana taunar wani ganye da suke ci kamar goro, baki ya yi ja. Ya tofar a gwangwani ya ce, “Ka farka? To, je ka wanke ido.”

“Haske na gani, ranka ya daɗe.”

“Kowa na ganinsa, mai fito. Ni ma na gan shi tun kana rarrafe. Ka ce ‘gani, gani’, ka ƙyale shi. Ga tsintsiya can, ganye ya cika tsakar gida.”

Po Saung ya ɗauki tsintsiya yana huci. A ransa ya ce tsufa ne da hassada, mutum ya yi shekara sittin a hanya, wani ya zo ya wuce shi cikin mako shida.

Bai ƙyale hasken ba. Kullum ya zauna, shi yake farauta, in ya samu ya ƙanƙame. Ya daina tsayawa gaban Sayado ya ba da bayanin zamansa. Ya canza tafiya, ya riƙa taku ɗai-ɗai, yana wani ɗan murmushi. Mutanen ƙauye suka fara raɗa cewa idon mai fito ya buɗe. Da ya ji, bai ce i ba, bai ce a’a ba.

Sai hasken ya fara zuwa da warin laka.

Da farko warin kaɗai ne. Daga baya ya riƙa jin ɗigar ruwa a kan tabarma, ɗis, ɗis, ga rana tsaka, ko girgije babu. Rannan ya buɗe ido ya ga Nyo tsaye a ƙofar rumfa, jiƙe sharkaf, da ciyawar ruwa a wuya. Ba fushi a fuskarsa. Kallo kawai yake yi. Po Saung ya runtse ido ya nemi haskensa. An koya masa cewa wanda ya farka ba ya jin tsoro. Shi kuwa ga haƙoransa na haɗuwa. Daga ranar ya san bai farka ba, amma bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya shi da sauran masu zuhudu suna bin layi cikin ƙauye karɓar sadaka, ƙafa ba takalmi, Ma Thein ta zuba masa shinkafa kamar yadda take zuba wa kowa. Sai ta durƙusa a cikin taɓo, ta haɗa tafin hannu a goshi.

“Ranka ya daɗe, an ce idonka ya buɗe. Ina Nyo yake?”

Maganarta ta farko ke nan gare shi cikin shekara goma sha ɗaya. Mata sun kewaye su. A bayanta kuwa ga Nyo tsaye, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Kalma uku ce za ta fisshe shi: “ban sani ba”. Harshensa ya ƙi ɗaukarsu.

Ya ce, “Na farka, kuma na gan shi. An sake haifarsa a sama, cikin haske. Ba ya bukatar komai.”

Ma Thein ta fashe da kuka, ta kifa goshi a ƙasa sau uku. Kashegari ta wanke ’yar butarta ta kife ta a kan shirayi. Wanda ya isa gida, me zai yi da guzuri?

Daga nan haske ya ɗauke, ko ƙyallinsa babu. Nyo kaɗai ke zuwa, kuma yanzu leɓensa a bushe yake, a tsattsage, mutum yana tsaye cikin ruwa ƙishi na cinsa. Po Saung ya rame, mayafi ya yi masa yawa.

Ranar da damina ta ƙare, masu zuhudu suka taru a zaure kamar yadda aka saba. Kowa zai durƙusa ya ce wa ’yan’uwansa, in kun ga laifina, ko kun ji, ko kuna zato, ku faɗa mini. Da aka zo kan Po Saung, ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa.

Sayado ya ce, “Na ji abin da ka gaya wa matar ƙaninka. Tambaya ɗaya ce. In ka faɗa kana zaton gaskiya ne, ruɗi ne, ruɗi kuwa yana da magani, sai ka koma kan tabarmarka. In ka faɗa kana sane... ka san sauran. Ba mai shiga cikinka ya duba. Yaya aka yi?”

Ƙofa ce tsohon ya buɗe masa. Ƙarya ɗaya tak, mayafi ya zauna. Po Saung ya dubi katakon da ke gabansa. Ɗis. Ɗis.

Ya ce, “Ina sane.”

Sayado ya dube shi ya ce, “Yau ne ka fara ganin abu yadda yake, mai fito. Sai dai ya zo a makare.”

Ya tuɓe mayafin ya ninke shi, aka ara masa zane. Ya gangaro tudu da ƙoƙon kai a waje, mutane na leƙe ta taga. Bai tsaya ko’ina ba sai gidan Ma Thein. Ya same ta tana tsince shinkafa a faifai. Wannan karon shi ya durƙusa.

“Ƙarya na yi miki. Ban san inda Nyo yake ba. Kuma ba igiyar ruwa ba ce. Ya ce mu yi sawu biyu, na ƙi.”

Ba ta ɗago ba. “Maganar lodi kam, Yaya, har kajin ƙauyen nan sun sani. Kai kaɗai ka rage.” Sai muryarta ta karye. “Amma kwana arba’in na bar shi ba ruwa. Wannan ba zan manta maka ba.”

Ta tashi ta sauko da butar, ta cika ta, ta dangwarar a gabansa. “Ɗiga. Kira sunansa da bakinka.”

Ya ɗiga. Ya kira.

Ya koma kan fito, don mayafi ya haramta gare shi har ya mutu. In mutane sun yi yawa yakan yi sawu biyu, wani lokaci uku, ana yi masa tsiya ba ya tankawa. In ba masu ƙetarewa, ya zauna a gaban kwale-kwale ya lura da numfashinsa. Nyo bai daina zuwa ba. Yakan zauna a baya, wurin filafili. Po Saung ya ce “gani, gani”, bai kuma runtse ido ba.

Darasin a fili yake. Abokin gabar mutum yana cikin ƙirjinsa, kuma ba kullum yake zuwa da baƙar fuska ba, wani sa’in da haske yake zuwa. Duk abin da ya ƙara maka girman kai ba farkawa ba ce, wani barcin ne. Wanda ya ƙi kallon laifinsa zai nemi abin rufe ido, ko da ibada ce. Sauri yakan haifi nawa, a kan ruwa ko a kan tabarma. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, tun kalmar tana da amfani.