Hukuncin Waziri Mu'allayidi a Kan 'Ya'yan Barira

An yi wani sarki a wata ƙasa ta gabas, mai adalci ga talakawansa amma mai saurin fushi a kan abin da ya taɓa gidansa. Ya aurar da 'yarsa Barira ga Ja'afaru ɗan Galadima, suka haifi 'ya'ya biyu, sannan zaman ya lalace da gori da baƙar magana, har ranar da Ja'afaru ya furta mata saki na uku a gaban baƙi. Barira ta koma fada da 'ya'yan, gidan Galadima kuwa suka rantse sai sun ƙwato jininsu ko da ƙarfi.

Sarki ya kira Waziri Mu'allayidi, idanunsa jajir, ya ce ya yi niyyar korar Ja'afaru daga ƙasar, ya haramta masa ganin yaran har abada. Ya ba Waziri umarni ya zo da hukuncin da zai huce masa zuciya ba tare da ya saɓa wa shari'a ba, in ya kasa ya ajiye rawaninsa.

Waziri ya fita ransa a ɓace, domin ya ga manya na shirin yaga yara biyu don kare girman kansu. Ya fara zuwa wurin Barira, ya zauna yana saurare tana zayyana laifuffukan Ja'afaru har muryarta ta dushe. Sai ya tambaye ta, idan ajali ya riske ta gobe, wa take so ya riƙe 'ya'yanta? Ta ce, "Ubansu. Ni ya wulaƙanta, Baba Waziri, kuma ban yafe ba. Amma ɗansa bai taɓa zazzaɓi ya runtsa ba."

Da ya je wurin Ja'afaru, shi ma ya tarbe shi da zafi, yana cewa Barira ta raina shi don tana 'yar sarki. Da aka yi masa wannan tambaya sai ya kawar da kai, ya ce babu hannun da zai amince wa sai nata, ko da ba zai sake yi mata magana ba.

Waziri ya koma fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, aure ya mutu, ba mai tayar da shi. Sai dai wanda kake son kora, shi 'yarka ta zaɓa wa jikokinka in babu ita. Yaran su zauna wurin uwarsu, uban ya ciyar, ƙofa kuma ta kasance a buɗe gare shi."

Sarki ya miƙe a fusace, ya ce ashe wanda ya tozarta 'yarsa zai riƙa shiga gidansa? Waziri bai ɗaga kai ba, ya ce fushin Sarki na halal ne, amma yaran ba su saki kowa ba.

Can Sarki ya zauna, ya sa aka kira Barira, ta tabbatar da maganarta da bakinta. Ya zartar da hukuncin, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya kuma ɗora masa sulhunta duk ma'auratan da suka zo rabuwa a ƙasar. Aka ji Sarki yana cewa, mai mulkin da ya hukunta yaro da laifin iyayensa ya yi zalunci, ko da shi aka fara ɓata wa.