Karkatacciyar Kuɓewar Tunau

Ga ta nan, ga ta nanku. Haba, haka ake amsa wa babban mutum? Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Yauwa. Wani mutum ne wai shi Tunau. Yana da garka a bayan gida, ya shuka kuɓewa da tumatir da kabewa. Hannunsa da albarka, wannan ba musu. Sai dai bakinsa ya fi hannun aiki. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako zancen garkar nan. Ya ce, "Ni kuɓewata ba ta taɓa karkacewa ba. Tumatirina ko tabo ba ya yi."

To, ƙarya yake sharara wa mutane. Kullum da asuba sai ya zaga garkar. Ya tsinke karkatacciyar kuɓewa, da tumatirin da ya fashe, da 'yar kabewar da ta tsumbure, sai ya wurga su ta kan danga. Bayan dangar kuwa gidan wata tsohuwa ne, Iya Tabawa. Sai ta tsince. Ta yanyanka kuɓewar. Ta tsaga tumatirin ta barbaɗa masa toka saboda ƙuda. Ta fere kabewar siri-siri. Sai ta baza a tabarma, rana ta yi aikinta. In sun bushe ƙayau ta ɗura a tulu ta liƙe baki.

Da kaka ta yi, sai Dela matar Tunau ta ce, "Maigida, kowa ya yi shanya. Kawo in yanka."

Ya ce, "Ki yanka? In sun bushe sun yamutse, wa zai gane nawa ne? A bar wa mutane su kalla."

Aka bar wa mutane suka kalla. Kuɓewa ta ƙosa ta zama ice. Tumatir ya narke a jikin uwarsa. Kabewa kuwa awaki suka yi buki da ita.

Sai bazara ta shigo, garka ta koma fili. Gidan Tunau sai gayan tuwo, yau gaya, gobe gaya. Autansa ya ture akushi yana kuka. Ga kuma ƙamshin miyar busasshiyar kuɓewa yana tsallako danga kullum da la'asar.

Tunau ya ce, "Wai tsohuwar nan da ko fartanya ba ta iya ɗagawa, ina ta samo kayan miya?"

Dela ta ce, "Daga sama suka riƙa faɗo mata. Ta kan dangarka."

Sai Tunau ya gyara hula, ya zaga gidan Iya.

"Iya, barka da aiki. Daga ƙamshin nan na ji kamar gishiri bai ji ba. Kawo in ɗanɗana miki."

Ta miƙa masa ludayi. Ya lashe ciki, ya lashe baya. Ta ce, "Ya ji?"

"Ya ji."

"To, a gaida Dela."

Washegari ya koma. "Iya, ƙwari sun shiga garin nan, suna cinye wa mutane busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir. Kawo tulunan in kai gidana in duba miki a rana."

Ta ce, "Ɗan nan, ranar gidanku daban ce da tawa? Ga tabarma, duba a nan."

Ya duba, bai ga ƙwaro ba. Ya tafi da ƙamshi a hannu.

Rannan auta ya kwana bai ci komai ba. Sai Tunau ya tashi da fushin ƙarya. Ya faɗa gidan Iya, ya tarar da matan unguwa sun zo taya ta daka.

"Jama'a, an cuce ni! Gumina ne a tulunan nan. Kayan garkata ne!"

Iya ta ce, "Af! Ni dai abin da na tsinta karkatacciyar kuɓewa ce da fasasshen tumatir. Kai kuwa duk garin nan an san naka ba ya karkacewa. Ka ga ba naka ba ne."

Taɓare suka tsaya. Mata suka zuba masa ido. Ya dubi matan, ya dubi tuluna.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Takan ɗan karkace."

"Me ka ce? Kunnen ya tsufa."

"Na ce takan karkace."

"Ku da ke kusa, kun ji?"

Suka ce, "Ina! Ba mu ji ba, Iya."

Sai ya daddage. "Tana karkacewa! Tumatirin ma yana fashewa! Ni ke jefo su da asuba!"

Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka riƙe ciki. Iya ta shiga ɗaki, ta mirgino tuluna biyu masu liƙaƙƙen baki.

Ta ce, "Ɗauka. Tun kaka na raba gida biyu, wannan rabon yaranka ne. Ni ba ƙarfin noma, kai ba haƙurin yanka. Ba don jifan nan naka ba, da me zan yi miya bana? Kullum sai na sa maka albarka."

Tunau ya dubi tulunan, ya dubi Iya. Sai ya durƙusa, har hular ta faɗi.

"Na gode, Iya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara nisan kwana."

"Amin. Baɗi ka biyo da su ta ƙofa, tumatirin zai fi zuwa lafiya."

Ya kinkimo tuluna, ɗaya a ka ɗaya a hammata. Dela ta daka kuɓewa, ta jiƙa kauɗa, ta kaɗa miya mai yauƙi da daddawa. Auta ya ci, ya ƙara, barci ya kwashe shi da loma a hannu.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Abin da kuka shuka, mai kyau da mummuna, ku yanka ku shanya tun da sauran rana. Wanda ya adana muku kuwa, ku gode masa da babbar murya. Ni ma nan godiyarku nake jira.