Dalilin da Ya Sa Kaza Ke Buɗe Baki da Bazara

Dalilin da ya sa kuke ganin kaza ta saki baki tana haki in zafi ya yi zafi, ba kwaɗayi ba ne, ba kuma sakarci ba. Ke Talatu, daina yi mata dariya! Ku matso nan inuwa ku ji yadda aka yi.

A can da, wata shekara aka yi bazarar da ba a taɓa irinta ba. Rana ta sauko ƙasa-ƙasa, ta zauna a kan katanga kamar baƙuwar da ba ta da niyyar tafiya. Iska ta kwanta. Ganye ya yi shiru. Kowa idonsa a lumshe, ba barci ba, ba farke ba.

A wani gida akwai wata kaza mai gajerun ƙafafu, ana ce mata Durguwa. Ba ta daɗe da ƙyanƙyasa ba zafin nan ya sauka, ya riƙa ɗauke mata 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Auta. Shi ma ɗin yana kwance a akurki, wuya ya langaɓe, kukan ma da ƙyar yake fita.

To, a ƙarshen gidan, gindin durumi, akwai wata tsohuwar Randa. A jikinta ake haihuwar sanyi, yana tsattsafowa ɗigo-ɗigo. Da ta ga tsuntsaye za su ƙare, sai ta aika cewa kowa ya zo da sassafe ya karɓi ɗigo guda. Wanda ya haɗiye, shi da duk ƙwan da zai zo bayansa sun rabu da wahalar zafi.

Agwagwa ta je ta haɗiye nata. Zabuwa ta je da surutunta, ita ma ta haɗiye. Durguwa kuwa tana can tana yi wa Auta fifita, ba ta fito ba sai da rana ta take. Ga ƙafa gajera, ga ƙasa kamar kaskon tuya.

Ta ce, "Salamu alaikum, Iya. Na makara."

Randa ta ce, "Kin makara, 'yar nan, amma da sauran rabonki. Ɗigo ɗaya ya rage. Buɗe baki."

"Iya, wanda ya riga ya fasa ƙwai fa? Zai samu ta jikina?"

"A'a. Shi sai da bakinsa."

"Ba zai iya tahowa ba. In kai masa?"

Randa ta ce, "Sanyi ba ya zama a buɗaɗɗen baki. Kina buɗewa zai tashi, kuma ba ni da wani. Ki haɗiye abinki, ki sake wasu ƙwan."

Durguwa ta ce, "Wasu ƙwan ba Auta ba ne, Iya."

Ta karɓi ɗigon, ta rufe baki gam, ta juya.

Wayyo, yara, daɗin abin nan! Yana kan harshenta sai ta ji ƙamshin ruwan farko. Tana taka ƙasa mai ƙuna, amma a ranta cikin danyar ciyawa take tafiya, gara na tashi, hadari ya haɗo daga gabas, kwaɗi na ta kiɗa. Maƙogwaronta ya riƙa roƙonta, haɗiye mana, haɗiye. Ta ƙara damƙe baki.

Ta wuce Agwagwa tana wanka a kwatami. "Sannu da rana, Durguwa! Ya mai jiki?"

Shiru.

"Ikon Allah! Yau kuma gaba ake yi da mu?"

Zabuwa ta leƙo daga kan danga. "Rabu da ita, an samu sanyi an fi ƙarfin gaisuwa. Ko gajartar ce ta hau kai?"

Abin ya yi wa Durguwa ciwo ƙwarai, don tun da take ba a taɓa gaishe ta ta ƙi amsawa ba. Kunya ta rufe ta. Ta sunkuyar da kai ta wuce, tana cewa a ranta gobe ta bi su gida-gida ta ba da haƙuri.

Ta isa akurki, ta leƙa. Wayam.

Ashe Auta ya farka bai ga uwarsa ba, ya rarrafo nemanta. Can ta hango shi a tsakar gida, yana tangaɗi, ido a rufe, ya nufi rariya, 'yar kafar nan ta gindin katanga da ruwa ke fita. Bayan katangar fili ne fetal, babu ko inuwar kara. Shi zai shige, ita ba za ta shige ba.

Ta sheƙa da gudu. Ina! Ƙafafun ba su kai ba. Ta buga fiffike, bai waiwayo ba. Ta tono ƙasa, bai ji ba. Ɗan tsako kuwa abu ɗaya ya sani a duniya, muryar uwarsa. Kansa ya riga ya shiga rariyar.

Sai ta buɗe baki. "Kur-kur-kur! Auta!"

Auta ya tsaya cak, ya juyo. Ɗigon kuma ya fice, ya zama wani siririn farin tururi, yana tashi a hankali. Durguwa ta daka tsalle, ta baza fikafikai ta kife tururin kamar an rufe ƙwarya da faifai. Mafi yawa ya tsere sama. Ɗan abin da ya rage ya maƙale a ƙarƙashin fikafikanta.

Auta ya tako, ya faɗi, ya tashi, ya shige ciki. Ta ji numfashinsa yana daidaita. Ta ji ya yi barci, barcin gaske.

Ita kuwa rana na dukan bayanta. Ta saki baki ko saura zai dawo, ko ƙanƙani. Babu abin da ya dawo.

Da la'asar Auta ya leƙo da kai, idonsa tar. Ya ce, "Inna, me ya sa bakinki a buɗe?"

Ta dube shi, maƙogwaro a bushe, ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Don in ka sake yin nisa, kiran yana kusa."

Shi ya sa har yau, in bazara ta kama, za ku ga kaza ta saki fikafikai, 'yan tsaki sun shige suna barci, ita kuma baki a buɗe tana haki. Nata rabon sanyin ta riga ta bayar. Talatu, tashi ki cika mata kaskon nan da ruwa, ki kai mata inuwa.